Launin da Ya Ƙi Sauyawa

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na koma aji yau. Na daɗe ban je ba, amma ba wanda ya tsare ni da tambaya. Injiniya, matar da ke koya mana, ta dube ni ta saman gilashinta, na ce mata maigidana ne ba lafiya. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta ja mini kujera, ta ci gaba da abin da take yi. Na ji daɗin da ba ta ƙara komai a kai ba.

Da don ta ni ce, da ban koma ba. Oga, mai maɗaba'ar da nake aiki, shi ne ya matsa. Ya ce yanzu duk wanda ya shigo maɗaba'a buga kati sai ya tambaya ko muna yin shafin intanet, kuma ni ya tura in koyo, ba zai sake farawa da wani ba. Ina jin dai ya lura da yadda nake zama in ƙura wa bango ido a wurin aiki.

Aikin da aka ba mu kafin ƙarshen wata ba shi da yawa a baki. Shafi ɗaya, maɓalli ɗaya a tsakiyarsa. Duk lokacin da aka danna, bangon shafin ya sauya launi, kuma launin da ba wanda ya zaɓa.

Mai Ritaya, dattijon da ke zama kusa da ni, wanda ya ce ya shigo ajin ne don ya gaji da dariyar jikokinsa, ya ɗaga hannu. “To wa zai zaɓa, in ba ni ba, ba ke ba?”

Injiniya ta ce, “Kwamfutar ce za ta jefa ƙuri'a.”

Ya ce, “Au, ashe ita ma tana caca. Ni da na ɗauka mutuniyar kirki ce.”

Aka yi dariya. Ni kuwa tambayar ta biyo ni har cikin mota. Yaya abin da ba ya motsi sai an ba shi umarni zai zaɓi wani abu da kansa?

Talata, da safe kafin in fita

Malam, maigidana, ya sha shayi, ya ci rabin burodi. Auta, ƙanwarsa, ta iso da jakarta, za ta zauna da mu don ya samu mai kula da shi in na fita. Mun matso masa da kujera kusa da taga. Hannun dama yana kan cinyarsa, inda na ajiye shi.

Na ce, “Malam, zan tafi aiki.” Ya ce, “Shi ke nan.” Auta ta ce, “Yaya, a ƙara maka sukari?” Ya ce, “Shi ke nan.” Tun da muka dawo daga asibiti, maganar da ta biyo mu gida ke nan. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana koyar da lissafi, wanda in ya fara labari a bakin ƙofa sai baƙon da ya yi sallama ya sake neman wurin zama.

Ba zan rubuta wannan yau ba.

Laraba, bayan an tashi aji

Yau na ga abin mamaki. Ashe kowane launi a kwamfuta lamba ce mai gurbi shida. Biyun farko yawan ja ne, biyun tsakiya kore, biyun ƙarshe shuɗi. Kuma ƙirgar ba ta tsayawa a tara. Bayan tara sai A, B, C, har F, sannan a ɗauki ɗaya a kai gaba. Sifili biyu na nufin babu ko ɗigo, FF kuma an cika maƙil. In duka shidan sifili ne, baƙi ƙirin. In duka F ne, fari fat.

Sai Injiniya ta cika ja, ta cika kore, ta bar shuɗi babu komai, allo ya koma rawaya. Ban san lokacin da na ce “A'a!” ba. Kowa ya juyo. Na ce mata ni a maɗaba'a nake aiki, na sha ganin mai injin ya haɗa jar tawada da koriya, abin da ke fitowa kalar ruwan kwata ce, ba rawaya ba.

Ta ce, “Tawada shanye haske take yi, allo kuwa fitar da shi yake.” Ta karɓi wayata, ta ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a fuskarta, ta ce in kawo ido kusa. A cikin ɗigon na ga ƙananan fitilu a jere, ja, kore, shuɗi. Duk farin da nake kallo tun da na sayi wayar nan, ashe ba fari a ciki. Mai Ritaya ya leƙa ya ce shi yanzu bai yarda da kowa ba.

Ƙirgar sha shidan ce ba ta zauna mini ba. Da Malam ne, kafin Injiniya ta rufe baki ya gane. Da ya ce mini, “Sakatariya, don yatsunki goma ne kike ganin a goma duniya ta ƙare.” Haka yake kirana, Sakatariya. Haka yake kirana da.

Alhamis, da rana

Hannun yana nan yadda yake.

Asabar, bayan magariba

Ya yi! Layi uku ne kawai. A sa kwamfuta ta jefo lamba tsakanin sifili da miliyan sha shida da ɗoriya, a juya ta zuwa ƙirgar sha shida, a manna mata alamar nan mai kama da tsani a gaba, a miƙa wa bango. Na ɓata rabin ajin ina neman abin da ya hana nawa aiki, ashe alamar baka ɗaya na buɗe ban rufe ba. Ina rufewa na danna, shafin ya koma kalar ɓawon albasa. Na sake dannawa, ya koma wani kore irin na labulen asibiti. Wannan ban bar shi ya daɗe ba.

Oga ya ara mini tsohuwar laftof ɗinsa, na zo da ita gida. Na ɗora a kan teburin da ke gefen Malam don nan ne kusa da soket, ba don komai ba. Ina ta dannawa, Auta na tsaye a kaina tana raɗa wa launukan suna. “Wannan kalar ciwon ciki ce. Wannan kuma kalar rigar da surukata ta ba ni.” Gaskiya yawancinsu ba su da kyau. Ban san dalili ba, sai wasu shunayya masu duhu da kore mai datti ke ta fitowa. Ja zalla ko rawaya mai haske ban ga ko ɗaya ba.

Can sai na ga hannun hagun Malam ya taho a hankali ta gefena. Ya danna. Bango ya koma ruwan toka. Ya sake dannawa. Muka tsaya cak ni da Auta, kamar waɗanda tsuntsu ya sauka a gabansu. Ya yi ta yi har aka kira magariba.

Lahadi, bayan azahar

Yaya Babba ya kira. Shi ne wan Malam, shi ya riƙe su bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai Malam makaranta da hannunsa. Ya ce in sa wayar kowa ya ji.

Ya ce ya yi shawara da 'yan'uwa. Can gida akwai fili, akwai mutane, akwai wani da ya san maganin irin wannan. Ya ce, “Ke kina zuwa aiki, kina kuma zuwa makarantar kwamfuta, a wannan halin da ake ciki. Ba laifinki nake gani ba.” In mutum ya ce ba laifinki yake gani ba, kin san abin da ya gani.

Sai ya ɗaga murya. “Ƙanena, kana jina? In zo in ɗauke ka?”

Malam ya ce, “Shi ke nan.”

“To, kun ji da kunnenku.”

Na ce, “Yaya, ai ko me aka tambaye shi haka yake cewa.”

Ya ce, “Ni na rene shi. Na san bakinsa.” Ya ce zai zo da mota ƙarshen wata.

Tafiyar yini guda ce daga nan, kuma babu asibitin da ke da mai koyar da magana a can. Wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne ko Malam ɗin yana son tafiya. Wataƙila ya gaji da taga ɗaya. Wataƙila ya gaji da ni da cokalina. Na dube shi bayan an kashe wayar, yana kallon ƙafarsa.

Litinin, da yamma

Akwai matsala a shafina. Wani lokaci in na danna, launin ba ya sauyawa. Sai in danna da yawa lafiya lau, can sai ɗaya ya ƙi. Na ɗauka linzamin kwamfutar ne ya tsufa, na ari na Mai Ritaya, duk ɗaya. Shi ma nasa shafin haka yake yi, amma ya ce shi ya yafe, ko ɗan'adam yana hutawa.

Na kira Injiniya. Ta danna, ta danna, har ya ƙi a hannunta. Sai ta yi wani murmushi da ya nuna ta san abin tun tuni. Na ce ta faɗa mini. Ta ce, “In na faɗa miki yau, jibi kin manta. Ki sa shafin ya riƙa rubuta lambar launin a tsakiya, manya-manya. Sai ki zuba ido.”

Na yi yadda ta ce. Na zuba ido har ya yi ruwa. Lambobi ne dai da haruffa.

Talata, bayan mun dawo asibiti

Mai koyar da magana yarinya ce mai haƙuri. Ta nuna masa hoton kofi, hoton takalmi, hoton agogo. Bakinsa yana motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, sai “shi ke nan” ta fito. A hoto na huɗu ya sa hannun hagu ya share katunan duka suka zube ƙasa. Na durƙusa ina tsincewa ina ba ta haƙuri. Ta ce kar in damu, wanda ya yi fushi ya san abin da ya kuɓuce masa.

A mota bai dube ni ba.

Laraba, ƙarfe shida

Na tambayi Injiniya abin da ke cina tun ranar farko. Ta ce gaskiyar magana kwamfuta ba ta jefa ƙuri'a. Wata lamba take kamawa ta fara da ita, ta dagula ta da lissafi, ta fitar da wata, ta sake dagula wannan, haka har abada. Wanda ya san lambar farko da hanyar dagulawar zai iya faɗin duk launin da zai zo. Mu da ba mu sani ba, mu ne muke ganin kamar haka kawai ya faɗo.

Mai Ritaya ya ce, “Wato ba caca take ba, maguɗi take.”

Na kuma tambaye ta me ya sa munanan suka fi yawa. Ta ce launi mai haske sai ɗaya daga cikin ukun ya cika, wani kuma ya yi ƙasa sosai. In aka bar su su faɗo yadda suka ga dama, yawanci a tsaka-tsaki suke haɗuwa, su yi dagwalo. Wannan ya gamsar da ni.

Na so in yi mata wata tambaya daban, amma ba fanninta ba ne. Mutum biyu sun fita daga gida ɗaya da safe lafiya lau, ɗaya ne kawai ya dawo da ƙafarsa. Na tattara jakata na fito.

Alhamis, da safe

Auta ta fara ninke masa kaya. Ta ce ba wai tafiyar ba ce, gyara kawai take yi. Hannun yana nan yadda yake.

Juma'a, bayan la'asar

Bari in rubuta wannan tun da zafinsa.

Na dawo na tarar da Malam a gaban laftof. Auta ta ce tun rana yake kai, ta kunna masa ne don ya bar kallon ƙafarsa. Na zauna kusa da shi ina cire takalmi. Yana dannawa, launi na sauyawa, lamba na fitowa a tsakiya. Sai aka zo wurin da ya ƙi. Na ce, “Ka gani ko, Malam, haka yake mini.” Na kai hannu zan danna ya wuce, ya buge mini hannu. Bai taɓa yi ba.

Ya ɗora yatsa a kan allon, a kan lambar. Ya taɓa harafin farko, ya taɓa na biyu, har ƙarshe. Ya dube ni. Na ce, “Eh, lambar ce.” Ya girgiza kai, ya sake bi ɗaya bayan ɗaya, yana buga allon har na ji tsoron kar ya fasa wa Oga kaya. “Shi ke nan! Shi ke nan!” Auta ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ce ko banɗaki yake so.

Ya yi alamar rubutu a iska. Na zaro biro da wata takardar gwajin bugu daga jakata, na danne masa gefenta. Da hannun hagu, a karkace, kamar rubutun ɗan aji ɗaya, ya kwafe abin da ke allon: 4C9E2. Ya ɗauki lokaci. Ya ja 'yan sanduna a ƙarƙashi, kowane harafi da tasa. Biyar. Sannan ya koma gaban lambar ya zana sifili, ya zagaye shi, ya ajiye biron ya jingina.

Na ƙirga na allon da yatsana. Biyar ne. Gurbi shida ake so. In lambar da kwamfuta ta jefo ta zo ƙarama, sifilin gabanta faɗuwa yake, kamar yadda ba wanda ke rubuta sifili kafin bakwai. Bango kuma in aka miƙa masa biyar bai san me ake nufi ba, sai ya tsaya a inda yake. Kwana da kwanaki ina kallon lambobin nan ban taɓa ƙirga su ba.

Na ce, “Malam, sifili ne ya faɗi!” Ya lumshe ido, irin yadda yake yi in ɗalibi ya gano amsa bayan ya wahalar da shi. Sai ya sake jan takardar. Ya rubuta ɗaya, ya ja layi a ƙarƙashi, ya rubuta sha shida.

Auta ta ce, “Me ya rubuta? Me yake cewa?” Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗan jima.

Asabar, da rana

Na kai wa Injiniya takardar. Ta ce daidai ne, sifilin ne. Ta nuna mini umarnin da ke cike gurbin gaba da sifili in lambar ta gaza shida, kalma ɗaya ce tal. Sai ta ga ɗaya bisa sha shidan, ta ce wannan fa? Na ce ni ma shi na zo tambaya. Ta yi lissafi da baki, ta ce, “Gurbin farko yana iya zama ɗaya daga cikin abu sha shida, sifili ɗaya ne a cikinsu. Wato kusan sau ɗaya a kowane dannawa sha shida zai ƙi. Wa ya yi miki wannan?”

Na ce maigidana.

Ta ce, “Wanda ba shi da lafiya?” Na ce shi. Ta dubi rubutun da kyau, yadda ya karkace. Ta ce in gaishe shi, in ce masa ajin nan akwai kujera in ya samu sauƙi.

Mai Ritaya ya ce a taimaka a ara masa Malam na yini ɗaya.

Litinin, da yamma

Na gyara. Na danna har yatsana ya gaji, bai ƙi ko sau ɗaya ba.

Tun ranar Juma'a nake tuna irin maganganun da muka riƙa yi a kansa, a gabansa, ni da Auta da masu zuwa dubiya. Yana ji duka.

Talata, bayan asibiti

Na nuna wa mai koyar da magana takardar. Ta ce ta sha ganin haka, wani lokaci hanyar lamba tana nan a buɗe ko da ta kalma ta toshe. Ta ajiye hotunan, ta rubuta masa lissafi. Ya yi guda uku, na huɗun ya dube ta kamar ta raina shi. Ta ce kar in ɗauka gobe zai tashi yana hira, abin da sauran tafiya, kuma ba ta yi mini alkawarin inda zai tsaya ba. Amma ta ce kar a yanke zuwa.

Na gaya mata zancen Yaya Babba. Ta ce ita ba za ta shiga maganar dangi ba. Abin da za ta ce kawai, in za a tambaye shi abu, a nuna masa da ido, kuma a tambaya sau biyu ta hanya daban, don a tabbata ba a sa masa magana a baki ba.

Alhamis, ƙarfe biyar

Sabuwar matsala. In bango ya faɗo mai duhu, baƙin rubutun da ke kai ɓacewa yake. Injiniya ta ce a sa shafin ya auna hasken launin, in ya yi duhu rubutu ya koma fari. Kuma wai ido ya fi ganin hasken kore a kan na shuɗi, don haka ba daidai ake auna su ba. Wa ya zauna ya gano wannan? Ina son in san yadda aka yi aka auna idon mutane.

Na kawo wa Malam don mu yi tare, ya kau da kai. Yau bai ci abincin kirki ba, bai taɓa biro ba. Ya ga jakar kayansa da Auta ta ajiye a bayan ƙofa.

Asabar

Gobe ne Yaya Babba zai zo. Ban san me Malam zai zaɓa ba. Na yi wa kaina alkawari ko me ya nuna ba zan yi gardama ba.

Lahadi, bayan la'asar

Yaya Babba ya iso da hantsi, a hanya ya kwana. Ya kwantar da kujerun bayan motar, ya shimfiɗa sabuwar katifa da filo biyu, ko ledar ba a gama cirewa ba. Da na ga katifar nan sai duk maganar da na shirya ta tsere mini.

Ya shigo ya ga Malam, rabonsa da shi tun yana gadon asibiti. Ya riƙe masa hannun hagu ya daɗe bai saki ba. Bayan ya sha ruwa ya ce a fito da kaya, yana son su kama hanya da wuri.

Auta ce ta fara magana, ban zata ba. Ta ce, “Yaya Babba, a tambaye shi tukuna.”

“Ai na tambaye shi.”

“Ni ma jiya na tambaye shi ko in zuba masa gishiri a shayi, ya ce shi ke nan.”

Na kawo takardar ranar Juma'a, na yi masa bayanin sifilin iya yadda zan iya. Ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ce, “Lissafi dai tun yana ƙarami ba a kama shi. Amma lissafi daban, abin da rai ke so daban.” Na ce gaskiya ne, shi ya sa nake so shi da kansa ya tambaya, ni ba zan sa baki ba. Na gaya masa abin da mai koyar da magana ta ce, na koma bakin ƙofar kicin na tsaya inda Malam ba ya ganin fuskata.

Yaya Babba, da girmansa da ciwon gwiwarsa, ya zauna a ƙasa gaban kujerar. Ya rubuta ɗaya a wannan gefen takarda, ya ɗora makullin motarsa a kai. Ya rubuta biyu a wancan gefen, ya ɗora kofin shayin Malam. Ya ce, “Ƙanena, dube ni. Ɗaya, ka bi ni gida. Biyu, ka zauna nan. Ba wanda zai ji haushi.”

Malam ya ɗauki biro. Ban ga abin da ya rubuta ba daga inda nake, na ga dai bayan Yaya Babba ya ɗan sunkuya. Ya juya takardar, ya sake rubutawa, wannan karon kofi a kan ɗaya, makulli a kan biyu. “To yanzu fa? Ɗaya ka zauna, biyu ka bi ni.” Biro ya sake motsi. Sai na ji ƙarar layi biyu da aka ja da ƙarfi, irin wanda ake ja a ƙarƙashin amsa.

Auta ta leƙa, ta juyo ta dube ni, ta nuna ƙasa da yatsa. Nan.

Yaya Babba ya dafa kujera ya miƙe. Bai dubi kowa ba, ya ɗauki makullinsa ya fita. Muka ji ya buɗe mota. Na ce a raina shi ke nan, ya yi fushi, zai tafi ko sallama babu. Ya daɗe a waje. Can sai ga shi yana turo ƙofa da kafaɗa, rungume da katifar, idonsa ja.

Ya ce, “Ina zan shimfiɗa wannan? Ni ba zan iya tuƙi yau ba. Kuma ina son in ga yarinyar nan ta asibiti da idona.”

Talata, da rana

Ya bi mu asibiti. Ya yi wa yarinyar tambayoyi har ta ce ko shi ma malami ne. Da muka fito ya ce mini, “Ki ci gaba da zuwa makarantarki.” Iyakar abin da ya ce ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba. Gobe zai koma. Katifar ya ce a bar ta, zai riƙa zuwa.

Hannun yana nan yadda yake. Amma yau da Auta ke goge shi, ta ce ta ji babban yatsan ya ɗan danne nata. Ni ban gani ba.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Mun miƙa aiki. Kowa ya fito gaban aji ya danna nasa. Na Mai Ritaya ya ƙi a dannawa ta uku, ya ce wa Injiniya da gangan ya bar shi don a san aikin hannu ne. Nawa bai ƙi ba, rubutun ma yana komawa fari in bango ya yi duhu. Amma na manta ban gwada shi a waya ba. Da ta buɗe a tata, maɓallin ya gudu can gefe, rabinsa a waje. Ta ba ni sittin da takwas.

Na dawo gida ina jin kaina. Malam na bakin taga. Ya ga takardar makin a hannuna, ya miƙo hannu. Na ba shi, na tsaya a gabansa ina jiran ya lumshe ido. Ya dubi makin, ya dube ni, ya sake duban makin. Ya tamke fuska. Bakinsa ya fara motsi, jijiyar wuyan nan ta tashi, na san abin da zai fito, har na fara cewa to.

Ya ce, “Ƙa… ƙara.”

Murfin tukunya ya faɗi a kicin.

Ya ja numfashi, ya buga takardar da yatsa. “Ƙara… ƙoƙari.”

Auta ta fito da gudu tana cewa, “Me ya ce? Wallahi na ji, me ya ce?” Na ce mata cewa ya yi ban yi ƙoƙari ba. Ina dariya, ruwa na zuba a kan takardar, shi kuwa ko murmushi bai yi ba, don da gaske yake. Sittin da takwas ba maki ba ne a wurinsa.

Na jawo kujera kusa da tasa, na buɗe laftof. Maɓallin nan sai ya dawo tsakiya kafin a kira magariba.